Kwamfuta ma tana tauye mudu idan ba a faɗa mata girmansa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya shafi sana'ata, wanda kuma yake taɓa aljihun mutanen da ba su ma san da zamansa ba. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne a nan Gombe. Da safe ina koyar da yara a wata ƙaramar cibiya, da yamma kuma ina riƙe wa wata ƙungiyar manoma lissafinta. Ina bin labaran da kuke kawowa na koya wa matasa fasahar zamani, har da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kuma ina murna da su ƙwarai. Sai dai akwai darasi guda da ban cika jin ana koyarwa ba, ga shi sau biyu rashinsa yana neman cutar da mutane a gaban idona.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Kumo ko Dukku ya kawo cikin gari ya san mudu suna ne kawai. Na wannan kasuwa daban, na waccan daban. In aka ce an aiko maka da gero mudu arba'in, kafin ka yi godiya sai ka tambaya da wane mudu aka auna. To haka fayil ɗin kwamfuta yake. Abin da ke cikinsa jerin ƙwayoyi ne da ake kira bait, kuma ana kasa su kashi-kashi daidai wa daida. Kowane kashi shi ake kira rikodi: bayanin mutum ɗaya, ko na shekara ɗaya, ko na buhu ɗaya. Manhajar da za ta karanta fayil dole ta san tsawon rikodi, domin da shi take gane inda na farko ya ƙare, na biyu ya soma. Tambayar da nake so masu karatu su riƙe ita ce: wa yake tabbatar da cewa mudun da aka zuba da shi, shi ne ake kwasa da shi?

Yawancin ɗalibaina in na yi musu wannan tambaya sai su ce kwamfaila ce. Kwamfaila ita ce manhajar da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta da harshe irin Fortran ko COBOL ko C ta mayar da shi harshen na'ura. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, har ranar da ƙanina ya shigo gida da takardun aikinsa.

Yana digiri na biyu ne a fannin ruwa da noman rani, kuma bincikensa ya shafi yankin madatsar ruwa ta Daɗin Kowa. Wani abokin karatunsa ya ba shi fayil na ruwan saman shekara arba'in, daga 1981 zuwa 2020, tare da ƙaramar manhajar Fortran da ke karanta shi. Kowace shekara rikodi guda ce, a cikinta lamba goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata. Shi kuma shekaru goma na farko kawai yake buƙata. Ya sarrafa manhajar a kwamfutar ɗakin bincike, ta yi aiki lami lafiya, ba gargaɗi ba ƙorafi, ta fitar masa da lambobi masu kyan gani. Ya zana jadawali, ya buga, ya kawo gida yana nuna mini bayan sallar isha'i, muna zaune a tabarma a tsakar gida.

Baba yana gefe a kujerarsa yana sauraren rediyo. Bai yi boko mai zurfi ba, amma ya yi noma tun kafin a haife mu. Da ya ji ana ambaton shekaru sai ya rage muryar rediyon, ya ce a miƙo masa takardar. Ya sa tabarau, ya ce wa ƙanin nawa, "Kai, nuna mini 1984." Yaron ya ɗora yatsa a kan sandar. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba ita ba ce. Shekarar nan da wadda ta gabace ta fari aka yi. Geron da muka shuka bai kai gwiwa ba ya bushe, shanu suka riƙa faɗuwa. Takardarka ta ce shekara ce kamar kowace shekara. Koma ka duba." Ƙanina ya ce, "Baba, ai kwamfuta ce ta lissafa." Baba ya miƙa masa takardar, ya ce shi dai ya san abin da idonsa ya gani.

A daren muka buɗe manhajar. Abin da na fara yi shi ne duba girman fayil ɗin: bait 1,920. Kowace lamba bait 4 ce, wata goma sha biyu ya ba da bait 48, sau shekara arba'in ya ba da 1,920 cif. Fayil lafiyarsa ƙalau. A cikin manhajar kuma, wurin da ake buɗe fayil, an rubuta RECL=48, wato tsawon rikodi 48. Nan ma ba kuskure a ido. Sai da na tambaye shi wace kwamfaila ce a ɗakin binciken nasu, ya ce ta kamfanin Intel ce a kan Windows, sannan na gane. Abokin nasa da wata kwamfaila mai suna gfortran ya rubuta fayil ɗin, a kan Linux. Ita gfortran in ka ce mata 48, bait 48 take ji. Ita kuwa ta Intel, a irin wannan fayil da ba rubutu ba ne zallar lambobi ne, ba bait take ƙirgawa ba sai an umarce ta: ƙullin bait huɗu-huɗu take ƙirgawa. Da ta ga 48 sai ta ɗauka bait 192 ake nufi.

Ka duba abin da wannan ya haifar, Malam Edita. Rikodi na farko ya faɗa daidai kan 1981. Na biyu ya yi tsalle ya tsallake shekara uku ya sauka kan 1985. Na uku, wanda yaron ya laƙaba wa 1983, ashe 1989 ce. Na huɗu, wanda Baba ya ƙaryata, 1993 ce. Kuma da yake 1,920 in ka raba da 192 goma ne ba saura, sai manhajar ta samu rikodi goma cif, daidai adadin da aka nema. Da ya nemi shekara goma sha ɗaya, da ta ci karo da ƙarshen fayil ta tsaya ta yi kuka. Duk lambar da ta fito ta ruwan sama ce ta gaskiya, daga tashar da ake magana, sai dai an ɗora ta a kan shekarar da ba tata ba. Babu malamin da zai kalli wannan jadawali ya ji ƙamshin kuskure, sai wanda ya rayu a shekarun.

Wannan ne ya sa na koma na yi karatun abin da kyau, kuma ga abin da na fahimta. Lokacin da kwamfaila take aikinta, fayil ɗin bayanan ba ya gabanta, wani lokaci ma ba a ƙirƙire shi ba tukuna. Abin da za ta iya dubawa kaɗan ne: an rubuta umarnin buɗe fayil bisa ƙa'ida, an ba da tsawon rikodi inda doka ta wajabta, abin da aka bayar lamba ce. Sauran aikin tana bar wa wasu ƙananan manhajoji da take ɗinka wa shirinka a jiki, waɗanda ke farkawa sai lokacin da shirin ke gudana. Su ne za su hana ka cusa bait 60 a rikodi mai 48, su ne za su ce ka nemi rikodin da babu shi. Amma su ma ba za su iya cewa 48 ɗin da ka faɗa shi ne wanda aka rubuta fayil da shi ba, sai in babbar manhajar kwamfutar, wato irin su Windows da Linux, ta ajiye wannan labari ta sanar da su. A nan manyan manhajoji suka rabu gida biyu.

Gida na farko shi ne na tsofaffin manyan injuna. Asalin abin daga katin kwali ne mai huji da kamfanin IBM ya fitar a 1928, mai gurbi 80. Kati ɗaya, rikodi ɗaya, tsawo 80, ba mai gardama, domin ana iya riƙe shi a hannu. Harshen Fortran, wanda ayarin John Backus ya fitar a IBM a 1957, a kan wannan kati ya girma, shi ya sa tsofaffin shirye-shiryensa ba sa wuce gurbi na 72. Da IBM ta kawo injunan System/360 a 1964, sai babbar manhajarsu ta riƙa ajiye wa kowane fayil takardar shaida: tsawon rikodinsa, wanda suke kira LRECL, da nau'insa, ko tsayayye ne ko mai canzawa, wanda suke kira RECFM. Har yau haka jikarta z/OS take yi a manyan bankunan duniya. In shirin COBOL ya zo buɗe fayil yana cewa 80 alhali takardar shaida ta ce 100, ana iya mayar da shi tun daga bakin ƙofa da lambar ƙorafi 39, wadda ke nufin siffar fayil ta saɓa wa abin da shiri ya faɗa. Akwai kuma lamba 04, wadda ke cewa an karanta rikodi amma tsawonsa bai dace ba. Babbar manhajar VMS ta kamfanin DEC ma tana ajiye irin wannan shaida. Kuma daga gidan DEC ɗin ne al'adar ƙirga bait huɗu-huɗu ta fito, ta bi ta hannun kamfanin Compaq har ta iso Intel. Gado ne, ba ganganci ba.

Gida na biyu shi ne wanda mu duka muke ciki. A 1969, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix, suka yanke shawarar cewa fayil jerin bait ne kawai, babbar manhaja ba ruwanta da abin da ke ciki. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, kuma ban ga laifinsu ba. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta bi wannan hanya, haka macOS, haka Android da ke wayoyinmu, kuma Windows ma a wannan batu ra'ayinsu ɗaya. A kan waɗannan duka, fayil yana da suna, da girma, da ranar da aka taɓa shi, amma ba ya ɗauke da tsawon rikodinsa. Buhu ne da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ka zo da kowane mudu, za a bar ka ka kwasa.

Dokar harshen Fortran ma ba ta rufe wannan ƙofa ba. Tun FORTRAN 77, wadda ta kawo RECL, an bar wa mai ƙera kwamfaila ya zaɓi abin da zai ƙirga da shi a fayil na zallar lambobi. Dokar 2003 ta ba da shawarar a yi amfani da bait, amma ba ta tilasta ba. Saboda haka gfortran ba ta karya doka ba, ta Intel ma ba ta karya ba. Maganin kuwa yana nan tun Fortran 90: akwai umarnin INQUIRE mai IOLENGTH, wanda kake tambayar kwamfailar da kanta ta auna maka rikodi da nata mudun, sai ka miƙa amsar ga RECL. Layi ɗaya ne. Ko kuma a ce wa ta Intel ta ƙirga da bait, da zaɓin da suke kira byterecl. Da muka gyara, ramin 1983 da 1984 ya bayyana a jadawali kamar an haƙa shi da fartanya. Ƙanina ya kai wa Baba da safe. Baba ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa. Allah ya yi maka albarka," ya ci gaba da shan kununsa.

Akwai wasu bambance-bambancen da zan ratsa da sauri don masu sana'a. In Fortran ta rubuta fayil na lambobi bi da bi, tana ɗaura wa kowane rikodi alamar tsawo gaba da baya, bait 4 kowacce, sai rikodi mai 48 ya zama 56 a faifai. Wannan ita ce kaɗai ƴar shaidar da fayil ke ɗauke da ita, amma ita ma ba doka ba ce, al'ada ce, kuma gfortran kafin fitowa ta 4.2 bait 8 take sawa a yawancin injuna. Injunan Intel suna fara ajiye lamba daga ƙaramin ɓangarenta, manyan injunan IBM daga babba, sai alamar tsawon kanta ta karantu a juye. A harshen C kuma, nau'in lambar da ake kira long bait 4 ce a Windows mai tsarin 64-bit, bait 8 ce a Linux mai tsarin 64-bit, don haka shiri ɗaya, ba a sauya ko wasali ba, zai fitar da rikodi mai tsawo biyu. Sai batun ƙarshen layi. Waɗanda suka ga masu tafireta a bakin kotu ko gidan waya za su tuna in layi ya ƙare abu biyu ake yi: a tura kan injin ya koma farko, a murza takarda ta hau. Windows ta riƙe alamun nan biyu, lamba 13 da lamba 10. Linux ta riƙe ta 10 kaɗai. Bait ɗaya ne bambancin, amma in shiri yana ƙirga bait, rikodi na biyu zai goce da ɗaya, na uku da biyu, kafin a kai na talatin suna ya shiga gurbin kuɗi.

Abu na biyu da ya same ni shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin wannan namu ne mu Hausawa, kuma laifin a hannuna yake.

Ƙungiyar manoman da nake wa aiki tana da mutum ɗari uku da ƴan kai. Bayan an sayar da shinkafar da suka tara, ana raba wa kowa kuɗinsa. Tsohon tsarin da na gada, na kuma ci gaba da amfani da shi ba tare da na bincika ba, yana ajiye kowane manomi a layi ɗaya mai gurabe tsayayyu: gurbi 5 na lamba, 25 na suna, 15 na ƙauye, 6 na kuɗi. Shirin da ke haɗa takardar biya yana zuwa bait na 46 ya ɗebi shida, ya ce wannan ne kuɗin. Shekaru ana haka ba matsala, domin wanda ke shigar da sunaye a da ba ya sa ƙugiya a haruffa. Bana muka ɗauki wata yarinya da ta karanta Hausa a kwalejin ilimi, mai tsabtar aiki. Ta ga an rubuta Danjuma ta mayar Ɗanjuma, ta ga Dadin Kowa ta mayar Daɗin Kowa. Ta yi daidai, kuma ni na ce mata ta yi.

Ana gobe biya, ma'ajinmu, wani dattijo tsohon malamin firamare da har yanzu yake riƙe da babban littafinsa mai jan bango, ya kira ni bayan magariba. Ya ce, "Malam, jimillar takardarka ba ta kai ta littafina ba, kuma ratar ba ƙarama ba ce." Na hau babur na same shi a zaurensa. Muka kunna fitilar waya, shi yana karanto suna da kuɗi daga littafi, ni ina bi a takarda da biro. Yawanci daidai. Sai mu iso wani, littafi ya ce naira 45,000, takarda ta ce 4,500. Mu ci gaba, sai wani, littafi 45,000, takarda 450. Na riƙa sa alama a gefen duk wanda aka tauye. Da muka kai rabi na tsaya na kalli masu alamar kawai, sai gabana ya faɗi. Kusan duk wanda aka rage wa kuɗi, akwai ɗ ko ƙ ko ɓ a sunansa ko a sunan ƙauyensu.

Dalilin shi ne wannan. Haruffan Turanci, a tsarin UTF-8 da kusan duk duniya ke rubutu da shi yanzu, wanda Ken Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a 1992, kowanne bait ɗaya yake ci. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, kowanne bait biyu yake ci. A ido harafi ɗaya ne, a faifai gurbi biyu. Yarinyar ta cika gurbi 25 da idonta, daidai, amma layin ya ƙaru da bait ɗaya, sai duk abin da ke bayansa ya matsa gaba. Shiri ya je bait na 46 kamar kullum, ya ɗebi fili ɗaya da lambobi biyar, sifirin ƙarshe ya zube. Mai ƙugiya ɗaya ya tashi da kashi ɗaya cikin goma na haƙƙinsa. Mai ƙugiya a suna da kuma a ƙauye ya tashi da ɗaya cikin ɗari. Har da masu suna irin Sa'adu da Rabi'u da A'isha abin ya shafa, domin inda aka kwafo sunan daga Word, alamar ɗaurin nan takan zama mai lanƙwasa, ita kuwa bait uku take ci. Alamar naira ma uku take ci. Kwamfaila ba ta ce komai ba, babbar manhaja ba ta ce komai ba, domin a wurinsu ba abin da ya faru: an nemi bait shida, an samu bait shida.

Ban yi barci ba a daren. Mun taso ana mana wa'azi a kan tauye mudu, kuma ga shi na kusa tauye wa mutanen da suka yi wata huɗu a cikin laka, ba don na yi niyya ba, sai don ban auna kayan aikina ba. Da ba don littafin dattijon nan ba, da an biya, kuma na san halin mutanenmu: da yawa za su karɓa su yi shiru, su tafi gida suna zargin shugabanni da cin amana. Da an ɓata sunan mutanen kirki a banza.

Da safe na yi wa shugaban ƙungiya bayani. Ya saurara, sannan ya ce, "To Malam, ai abin mai sauƙi ne. A cire ƙugiyoyin nan mana, a koma yadda ake." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma na san wannan ita ce amsar da ake bayarwa a ofisoshi da yawa a ƙasar nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa azahar." Ban yarda a cire ba, kuma ba zan taɓa yarda ba. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya yi bari ba shi ne ya yi ɓari ba. Mutum sunansa Ɗanladi tun ranar suna, da rago da goro da shaidu, don me za a sauya masa saboda shirin da ni na kasa gyarawa? Kayan aiki ne ya gaza, shi za a gyara. Na sauya tsarin ya daina dogaro da gurabe tsayayyu, aka raba bayanai da alama tsakaninsu, na sa shirin ya ƙi karɓar duk layin da bai cika sassa huɗu ba, ya kuma faɗi lambar layin da babbar murya. Kafin la'asar jimilla ta yi daidai da littafi har kwabo, aka biya kowa.

Don haka ina da roƙo, Malam Edita, ga mutane iri uku, kuma na fi nauyaya shi a kan ƴan'uwana malamai. Muna koya wa yara yadda za su sa shiri ya gudana, in ya gudana ba ja a allo sai mu tafa musu. Ya kamata tun makon farko su ji daga bakinmu cewa shirun kwamfuta ba shaida ba ce. A ba su fayil, a sa su duba girmansa, su raba da tsawon rikodi, su ga ko akwai saura. A ba su fayil ɗaya su buɗe a Windows su buɗe a Linux, su ƙirga bait da hannunsu. A nuna musu cewa a harshen C, in aka buɗe fayil na lambobi a Windows ba a ce na lambobi ba ne, za a riƙa taɓa alamun ƙarshen layi a ɓoye, har ma bait mai lamba 26 ya sa karatu ya tsaya kamar fayil ya ƙare. Kuma duk gwajin da za a yi, a sa sunayenmu a ciki. Littattafan da muke koyarwa da su an rubuta su ne a inda sunaye ba su da ƙugiya, shi ya sa misalansu ba sa taɓa fallasa wannan rami. Ɗalibin Gombe ko Bauchi da bai gwada shirinsa da Ƙ da Ɗ ba, bai gwada shi don mutanen da za su yi amfani da shi ba.

Ga masu bincike a jami'o'inmu da kwalejoji, waɗanda ke miƙa wa juna fayil a filas kamar goro: ku haɗa da ƴar takarda. Wace kwamfaila ta rubuta, a kan wace babbar manhaja, rikodi nawa ne, kowanne bait nawa, me ke cikinsa. Wanda ya fi haka ma shi ne a rubuta wannan bayani a farkon fayil ɗin kansa, shirin ya karanta ya gwada kafin ya taɓa komai. Tunda babbar manhaja ta ƙi rubuta wa buhu suna, mai buhu ya rubuta. Kuma in lissafi ya fito, a nemi shekara ɗaya ko mutum ɗaya da aka san amsarsa tun farko a gwada da shi.

Ga shugabannin ƙungiyoyi da ofisoshi da makarantu masu ba da kwangilar manhaja kuwa, ba sai kun iya Fortran ba. Ranar da za a miƙa muku aiki, ku ce a shigar da suna mai ƙugiya biyu da kuɗinsa a gabanku, a fitar da takarda ku gani. In mai aikin ya ce tsarinsa ba ya karɓar haruffan Hausa, ku ce ya koma ya ƙarasa, domin bai gama ba. Kada kuma ku yi saurin jefar da babban littafi. A ƙungiyarmu yanzu doka ce, ba a biyan ko sisi sai jimillar kwamfuta ta haɗu da ta ma'aji, su biyun sun sa hannu.

Na haɗa wani ɗan fayil na gwaji mai layi ashirin, da sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da masu alamar ɗauri iri biyu, kwafi ɗaya da ƙarshen layi na Windows, ɗaya da na Linux. Shi nake fara ba ɗalibaina yanzu kafin su rubuta komai. Duk malamin da yake so, ya nema ta hannun jaridar nan, zan aiko a ba shi kyauta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Mai koyar da kwamfuta,
Tudun Wada, Gombe.